Dogon fon ko gajere? Lissafin haƙora a kan BMW 328i ta wasan fili

Kilomita wajen 550 ne daga Yamai zuwa Tawa, kuma a kan wannan hanya na gane ɓarnar da na yi wa aljihuna. Motata tsohuwar BMW 328i ce, ƙirar E36, mai giyar hannu. Na cire mata fon baya, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga ƙafafun baya, wanda ta zo da shi daga kamfani, mai lamba 2,93, na sa mata mai 3,91. A cikin gari kam sai wanda ya gani, kana taɓa totur take zabura kamar dokin da aka yi wa ƙaimi. Amma tun kafin mu kai Doso allurar juyin inji ta kafe a kan 3700, alhali gudun 110 kaɗai nake yi a giya ta biyar. Hannuna ya kai kan sanda ya fi sau goma yana laluben ta shida, babu. Da muka tsaya shan mai a Ƙonni, ƙanena ya fito yana sosa kunne ya ce, "Yaya, wai injin niƙa ka sa mata ne?"

Ba don tafiyar Tawa na sayi motar ba. Na saye ta ne don abin da ake yi a Turai da Afirka ta Kudu, inda ake buɗe filin tsere yini guda, kowa ya biya ya shiga da motarsa ta gida, ya yi ta zagaye ba tare da gasa ko kofi ba. Mu nan ba mu da fili mai kwalta irin wannan. Wanda aka fi sani a yammacin Afirka shi ne Dakar Baobabs da ke Sindia a Senegal, mai tsawon kilomita 4,7, kuma tsakaninmu da shi tafiya ce ta sama da kilomita 2000. Abin da muke yi shi ne neman izinin mai fili a bayan gari, faƙo mai tauri, mu jera tsofaffin tayoyi su zama kwanoni. Ban ce wasan ganganci da samari ke yi a kan titi ranar ɗaurin aure ba, wannan ɗaukar alhakin jama'a ne kuma ba da su nake magana ba.

Fon shi ne wannan dunƙulen ƙarfe mai kama da kabewa da ke tsakanin ƙafafun baya, wanda makanikan Kano ke haɗa shi da sunan aksul. A cikinsa akwai ƙaramin haƙori da kardan, doguwar sandar da ke kawo juyi daga akwatin giya, ke juyawa, wato finyon, da babban zobe mai haƙora da shi kuma finyon ke juyawa, wato kuron. Lambar fon ba komai ba ce illa haƙoran kuron a raba da na finyon. Haƙora 41 da 14 su ne 2,93. 41 da 13 su ne 3,15. 45 da 13 su ba da 3,46, 40 da 11 su ba da 3,64, 43 da 11 kuma 3,91. Ma'ana, sai kardan ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya a 3,91, alhali a 2,93 ba ta cika sau uku ba. Ƙaramar lamba ita ce dogon fon, babba ita ce gajere. Duk ɗan kabu-kabun da ya taɓa sa wa babur ɗinsa babban farantin sarƙa a baya don ya ja buhunan albasa ya san wannan karatu: tashi ya yi sauƙi, gudu ya ragu, inji ya yi ta kuka.

Makanikina dattijo ne. Yana ɗan koyo lokacin da motocin Paris-Dakar suka fara ratsowa ta Agadas zuwa Yamai a 1979, kuma har yau in ya samu mai saurare sai ya ba da labarin. Ranar da na kai masa 3,91 ina ta zuba, ina cewa zai ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin turi da kashi 33 cikin 100, bai ɗago daga abin da yake wankewa a kwanon gazuwal ba. Ya ce, "Ɗana, fon ba ya haihuwar doki. Doki 193 ka kawo, su za ka koma da su." Na ce, "Baba, ai lissafi ne." Ya ce in je in ƙarasa lissafin.

Sai bayan tafiyar Tawa na ƙarasa shi, ga kuma yadda yake. Akwatin giyar 328i na kamfanin ZF ne, lambobinsa 4,21 da 2,49 da 1,66 da 1,24, ta biyar kuma 1,00, wato a ta biyar inji da kardan juyi ɗaya suke yi. Tayata 225/45 R17 ce. A takarda kewayenta mita 1,99 ne, amma da nauyin mota a kanta takan ci ƙasa wajen mita 1,93 a kowane juyi. Jan layin inji, wato iyakar juyin da aka yarda ya yi a minti ɗaya, yana kan 6500. Ka ninka 6500 da 1,93, ka ninka da 60, ka raba da 1000, za ka samu 753. Wannan lamba ita ce mabuɗi. Ka raba ta da lambar fon, ka sake rabawa da lambar giya, ka samu iyakar gudun wannan giyar.

Da 2,93, ta biyu tana ƙarewa a 103, ta uku a 155, ta huɗu a 207. Ta biyar a takarda 257 ce, amma iska ba ta barin motar ta kai can, shi kansa kamfanin 236 ya rubuta. Da 3,91 kuwa ta biyu 77, ta uku 116, ta huɗu 155, ta biyar 193.

Dubi 155 ɗin nan da ta fito sau biyu. Nan ne maganar Baba ta kama ni. Giya ta huɗu a kan 3,91 tagwayen giya ta uku ce a kan 2,93: ninka 3,91 da 1,24 ka samu 4,85, ninka 2,93 da 1,66 ka samu 4,86. Kenan daga gudun 116 har 155, motar da na kashe wa kuɗi da motar da ba a taɓa ba turi ɗaya suke yi, bambancin kawai inda hannun direba ya ajiye sanda. Daga 77 zuwa 103 ma mai dogon fon ce ke gaba, don ita tana cikin ta biyu har yanzu, ni kuwa na riga na faɗa ta uku. Inda nake cin ta shi ne daga 61 zuwa 77, da daga 103 zuwa 116, da ɗan kaɗan daga 155 zuwa 193, sai kuma wajen tashi. Kashi 33 ɗin da nake taƙama da shi gaskiya ne in giya ɗaya ake kwatantawa, sai dai a fili ba giya ake kwatantawa ba, gudu ne. Irin waɗannan tagwaye suna da yawa. Ta biyar a kan 3,64 ita ce ta huɗu a kan 2,93. Ta biyar a kan 3,91 ita ce ta huɗu a kan 3,15. Abin da fon ke canzawa shi ne wurin da canjin giya zai faɗo maka a cikin zagaye, ko a tsakiyar kwana, ko taku kaɗan kafin birki, ko kuma inda ba zai dame ka ba.

Gajeren fon yana da wata fa'ida ta gaskiya wadda ba a cika faɗa ba. Giyoyin sama sun fi kusa da juna. In ka canza daga ta biyu zuwa ta uku a 6500, allura takan faɗo 4330. Daga ta uku zuwa ta huɗu 4850 take komawa, daga ta huɗu zuwa ta biyar 5240. Injin 328i yana ba da cikakken ƙarfinsa a 5300, ƙarfin murɗarsa kuma, 280 Nm, yana cika a 3950. Mai gajeren fon yana yini a tsakanin ta uku da ta huɗu da ta biyar, inda allura ba ta nisa da wurin ƙarfi. Sai dai kowane canji da hannu yana cin wajen rabin daƙiƙa da mota ba ta turi, kuma kowane saukar giya ƙofa ce ta kuskure. Wanda ya nufi ta huɗu ya faɗa ta biyu a gudun 130 ba kwamfutar da za ta cece shi, tayoyi ne za su ja injin su wuce da shi jan layi.

Saboda haka lambobi biyu ake fara nema kafin a je kasuwa, kuma a fili ake samo su: gudun da kake kaiwa a ƙarshen miƙe mafi tsawo, da gudun da kake fita da shi daga kwanonin da suka fi matsewa. Wayar hannu mai GPS ta isa. A filinmu nakan kai 123 kafin birki, yawancin kwanoni kuma ina fita a wajen 70.

A gudun 70, fon kamfani yana ba ka zaɓi biyu kuma babu mai daɗi. Ta uku tana kan 2940, mota na tafiya kamar mai jin barci. Ta biyu tana kan 4410, ƙarfi kam akwai, amma a kan faƙo mai ƙura baya ne ke fara rawa, sannan a 103 dole ka canza, kafin kwana ta gaba kuma ka sake sauka. Zagaye ɗaya, canji ya fi shida. A babban fili mai dogayen miƙe 2,93 ba abin kunya ba ne, giya uku kawai za ka yi aiki da su, ta biyar ta zama ta komawa gida. A ƙaramin fili kuwa wahala ce.

3,15 shi ne na 325i mai giyar hannu, shi ne kuma na M3, wato E36 mafi ƙarfi, mai injin lita 3,0. Bambancinsa da na kamfani kashi 7,5 ne kawai, ta biyu 96, ta uku 144, ta huɗu 193, kuma a gudun 110 allura ba ta cika 3000 ba. In mara kulle ne, ban ga dalilin kwanciya a ƙarƙashin mota dominsa ba. In na M3 ne mai kulle, magana ta canza, zan dawo kanta. Ɗan'uwansa 3,23 na M3 ƴar Amurka ta 1996 zuwa 1999 kusan abu ɗaya ne. A filin da miƙensa ke kai ka 185, 3,15 ya zauna daram: kana isa birki a ta huɗu allura na kan 6240, ba canji, ba saura.

3,38 da 3,46 su ne tsakiya, kuma nan na fi daɗewa ina juya biro. 3,38 yana zuwa a M3 ƴar Amurka mai giyar otomatik, samunsa sai an dace. 3,46 galibi haɗa shi ake yi, a samo haƙoran a zuba cikin kwanson E36. A kan 3,46 ta uku tana ɗaukar ka daga 70, allura na kan 3470, har 131. Wato a filinmu daga fitar kwana har birki hannuna biyu na kan sitiyari. Ba ta zabura kamar ta biyun 2,93, amma tayoyi na riƙe ƙasa, kuma agogo riƙo yake ƙirgawa, ba ƙara ba. A kwalta gudun 110 yana kan 3290, ana jin sa amma ana iya hira. Rauninsa yana wancan fili mai 185: ta huɗu ta ƙare a 175, sai ka shiga ta biyar don daƙiƙa biyu ko uku, ka sake fitowa.

3,64 da 3,73 na tsohuwar 325i ce ƙirar E30. Kwansonta ba ya hawa E36, haƙoran ake ɗauka. A takarda 3,64 ya fi kowa kyau a filinmu, don a 70 allura na kan 3650, ta uku kuma ta ƙare a 125, ni kuwa 123 nake kaiwa. Amma wannan tazara ta yi kaɗan. Direba yana ƙara gwanancewa, ranar da ka fita kwanar ƙarshe da kyau za ka ci karo da inda kwamfuta ke yanke mai tun kafin birki. A kan ƙasa ma abin ya fi haka, don taya na ɗan sulɓi, allura na riga gudu hawa. Ni nakan bar sarari na kamar kashi 5 cikin 100.

3,91 kuwa, wanda ake cirowa daga 325i ƴar Amurka mai otomatik, a 70 yana ajiye ta uku a kan 3920, daidai kan ƙarfin murɗa. Fitar kwana da shi daɗi ne ba kaɗan ba. Sai a 116 ya ce a ba shi ta huɗu, saura ƴan mitoci ka taka birki. Ta ɗaya ta zama ta hawa tirela kawai, 46 ta ƙare. Inda yake da ma'ana shi ne in mota tana da giya shida, kamar akwatin Getrag na M3 mai lita 3,2 da ta shidansa ke 0,83. Da shi gudun 110 zai dawo wajen 3080. Amma kuɗin wannan akwati wani labari ne.

Yanzu maganar kulle, wadda a ganina ta fi lambar kanta nauyi. Fon na yau da kullum yana raba ƙarfi daidai tsakanin ƙafafu biyu, kuma ƙafar da ta fi rashin riƙo ita ke yanke wa ɗayar rabonta. A kwana nauyi na komawa waje, ƙafar ciki ta yi sakayau, ka taka totur ta yi ta juyawa a banza tana tada ƙura. Gajeren fon mara kulle ƙara wannan ciwo yake yi. Mai kulle, wanda makanikai ke cewa otobulokan, yana da faifai a ciki masu matse juna su tura ƙarfi ga ƙafar da ke riƙe da ƙasa. Na BMW na wancan zamani kulle ne na kashi 25, kuma ana gane shi da harafin S a gaban lamba a jikin ɗan ƙarfen da ke maƙale da murfi, kamar S3,15. Da a ba ni 3,91 mara kulle gara a ba ni 3,15 mai kulle, ko sau nawa aka tambaye ni. Masu yi wa ƙananan haƙoran ciki walda su haɗe ƙafafun biyu kuwa, wannan na masu jan baya ne a ƙura. A kwana gaban mota zai riƙa turjewa yana neman waje, sandunan ƙafa kuma suna shan azaba.

Nawa 3,91 da sunan mai kulle aka sayar mini. Wani mai kayan gyara ne ya kawo shi, ɗan ƙarfen lamba ya ɓace, ya rantse, ni kuma ina ɗoki. Da na ɗauki minti biyar da alli da ban shiga ba. Ka ɗaga bayan mota, giya a sake, ka juya ƙafa ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai kulle. In ta juya baya ko ta tsaya, babu, ko kuma faifan sun cinye. Don gane lamba, ka yi wa kardan da taya alama da alli. A mai kulle ka juya taya sau 10 ka ƙirga juyin kardan, 29 da ɗoriya 2,93 ne, 34 da rabi 3,46 ne. A mara kulle ka bar ƙafa ɗaya a ƙasa, ka juya ɗayar sau 20. In fon ɗin a ƙasa yake, a kasuwar Katako ne ko an aiko maka daga Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano, buɗe murfi ka ƙirga haƙora da yatsa, ka duba ko man yana da ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Ka kuma kula da girman kwanso. Na 318 ƙarami ne, kuron milimita 168, lambarsa 3,45 tana ruɗin mutane. Na 325i da 328i milimita 188 ne, shi ake nema. Kan da kardan ke ɗaurewa da na sandunan ƙafa su ma sukan bambanta, musamman a na M3.

In haɗawa za a yi, kuron da finyon tare aka goge su a kamfani, ba a aurar da na wannan da na wancan. Tazarar da ke tsakanin haƙoransu wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ce, da agogon awo ake saita ta, sannan a shafa shuɗin fenti a juya a ga inda suke cizon juna. Na tsaya a kan Baba yana wannan aiki, ya kwance ya ɗaura sau huɗu yana canza siraran zobba, har tabon ya zauna a tsakiyar haƙori kamar an danna babban yatsa. Makanikin da ya ce da kunne yake saitawa, ka ɗauki kayanka. Mai kulle kuma mansa daban, 75W-140 wanda aka yi don faifai.

Zafin Yamai ma yana da ƙuri'a a wannan zaɓe. A watan Afrilu da Mayu da rana takan haura digiri 40, inji mai yini a saman 5000 yana neman lagireto mai lafiya, su kuwa E36 an san su da robar wuyan lagireto da ta famfon ruwa masu tsagewa in sun tsufa. An san su kuma da notin famfon mai da ke iya kwancewa in ana yawan kai su jan layi, da ƙusar gaban fon guda ɗaya da ke karyewa in ana fizgar kuloci. Gajeren fon yana matso da duk waɗannan kusa. Allurar gudu dai ba za ta yi maka ƙarya ba, don a E36 daga juyin kuron take karatu, ba daga kardan ba.

Wanda mota ɗaya gare shi, ita ce ta aiki ita ce ta wasa, kuma yakan je Doso ko Tawa ganin gida, ya nemi S3,15 ko 3,23 ya huta. Wanda zai kai motarsa babban fili mai kwalta ya fara zuwa da abin da ke jikinta, ya dawo da lambobinsa biyu. Ni 3,46 mai kulle na haɗa, 2,93 kuma yana nan kan tsohuwar taya a garejin Baba, an rufe shi da buhu, don aikin rabin yini ne a mayar da shi in doguwar tafiya ta taso.

Kwana ɗaya ce ta rage mini, ta ƙarshe, wadda nake fita a 62. Ta uku a nan tana kan 3075, ta ɗan yi sanyi. Taya 225/45 R16 ta fi tawa ƙanƙanta da kashi 4, za ta ɗaga allura zuwa 3200 ba tare da an taɓa fon ba, amma za ta sauko da ƙarshen ta uku daga 131 zuwa 126, ni kuma ina kai 123. Wani abokina ya yarda ya ara mini ƙafafunsa na baya ranar Asabar, da sharaɗin in sun cinye ni zan saya.